Tulun Yaya Tadashige

Yayana Tadashige direban jirgin titi ne a garin Kochi, irin taragon nan guda da ke ratsa tsakiyar gari yana kaɗa ƙararrawa, kuma ya yi aikin har ya yi ritaya bai taɓa buge ko kare ba. Amma in ka tambayi mutanen unguwarmu wane ne Myojin Tadashige, ba wanda zai fara da maganar jirgi. Harshensa za su fara ba ka labari. Mutum ne da in ya kurɓi osake, giyarmu ta shinkafa, ya juya ta a baki, zai gaya maka ta bakin teku ce ko ta cikin duwatsu, a ɗumama ta ko a bar ta da sanyinta, da irin kifin da ya dace a ci da ita. Wani lokaci yana dacewa, wani lokaci shaci-faɗi ne kawai, amma da yake da muryar sanar da tasha yake faɗa, ba mai musa masa.

Ni ce autar gidanmu, Sueko, kuma ni kaɗai ce ba na sha a zuriyarmu. Kurɓi ɗaya ya isa fuskata ta yi jajir, zuciyata ta hau bugu. A garin da mata ke kayar da maza a wajen sha, wannan kusan nakasa ce, tun ina budurwa ake tsokanata wai musanya ni aka yi a asibiti. Na faɗi haka ne don a gane yadda abin da zan ba da labari ya yi shekaru yana wucewa ta gaban hancina ban sansano ba.

Matarsa Fusae mace ce mai sanyin magana da taurin kai, irin wadda za ta ce maka "to" ta je ta yi abin da ta ga dama. Kullum da yamma ita ke ɗumama masa osake a gida. Ta zuba a ɗan tulun tangaran, ta tsoma shi cikin tukunyar ruwan zafi, ta taɓa gindinsa da yatsa, ta ciro. In ya yi zafi da yawa Yaya ya yi mita, in bai kai ba ya yi mita, ita kuwa ta ce ya tashi ya yi da kansa, bai kuma taɓa tashi ba. Zai shanye finjali, ya miƙa mata, ya cika mata. Ta shanye, ta mayar masa, ta cika. Na sha zama da su ina cin kifina, ina kallon finjali guda yana kai da kawo a tsakaninsu, suna faɗa a kan wanda ya bar taga a buɗe.

Ranar Asabar kuwa ta gidan abincin Kumon ce, wani ɗan wuri a bayan kasuwar kifi inda ake babbaka kifin katsuo da wutar karan shinkafa a bakin ƙofa. Tun rana ba ta faɗi ba wurin ke cika, kuma can Yaya ke sarautarsa. Yana da tulunsa na kansa mai shuɗin baki, wanda Kumon mai wurin ke ajiye masa a kan kanta, ana cika shi da osaken da shi ya zaɓa. Ba ya zama wuri ɗaya. Sai ya ɗauki tulun a hagu, finjali a dama, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa a gabanka, ya shanye, ya ba ka finjalin, ya cika maka, ya tsaya yana kallon bakinka. Sai ka sha ka faɗa masa yadda ka ji ta, sannan ka mayar masa. In ka ce ta yi daɗi ka yi shiru, ya ce wannan ai ba magana ba ce, faɗi wani abu. In ka kushe ta ya fi murna, don ya samu abokin gardama. Yakan ce duk ƙaryar da mutum zai yi maka, ba zai yi ta da finjalinka a hannunsa ba, leɓensa a inda naka ya tashi. Ya yarda da wannan magana fiye da yadda ya yarda da likita.

Wanda yake fara kai wa finjali kullum shi ne Okabayashi Isamu, mai gyaran kekuna. Tare suka yi firamare, tare suka saci lemo a gonakin mutane, da suka isa sha kuma suka sha a finjali ɗaya suka ce daga ranar sun zama wa da ƙane. Ba sa raga wa juna. Isamu, wanda ke taƙaita sunan Yaya ya kira shi Shige, zai kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Shige, wa ya cuce ka? Wannan ai wankin kwano ne." Yaya ya ce harshen da ya saba da man keke ina zai san abu mai kyau. Haka suka tsufa. Ni kaina na yi kishin Isamu, don akwai maganganun da Yaya ke gaya masa waɗanda ba ya gaya mana mu da muka fito ciki ɗaya.

Yaya bai daɗe da ajiye aiki ba aka gano ciwon daji a maƙogwaronsa. Aka yi masa aiki, aka yi ta gasa wurin da na'ura har fatar wuyansa ta yi baƙi. Ya tsira, amma likita ya ja Fusae gefe ya ce mata in ya koma shan giya, to ta fara shirin makoki. Ya kuma ce gashin da aka yi da na'urar ya kashe masa ɗanɗano da mafi yawan jin ƙamshi, wataƙila su dawo, wataƙila sun tafi ke nan. Yaya bai taɓa amsa cewa harshensa ya mutu ba. Ina ganinsa yana tauna abinci kamar mai tauna takarda, yana cewa gishiri ya yi kaɗan. A nan zan yi adalci: in ɓera da sata, daddawa ma da wari, shi ya fara ɓoye wa mutane. Amma wanda ya ɓoye raunin jikinsa don kunya, da waɗanda suka haɗa baki a kansa, ni dai ban ga yadda za a auna su da mudu ɗaya ba.

A makon da ya dawo gida ya ce a ɗora masa tulu. Fusae ta yi kuka, ta yi roƙo, ta kira ni na zo na yi masa tijara. Ya ce gara ya mutu da finjali a hannu da ya rayu yana kallon na wasu. Sai ta ce "to". Daga ranar abin da take zuba masa ruwan ɗumi ne, da osake cikin cokali don kada tulun ya rasa wari gaba ɗaya. Ya sha ya lumshe ido, ya ce ashe sai da ta tsufa ta iya ɗumamawa.

Na gida mai sauƙi ne, gidan Kumon ne matsala. Da Fusae ta je wa Kumon da maganar ya ce ba za ta yiwu ba, mutumin da ke zuba wa kowa daga tulunsa ai a finjalin farko asiri zai tonu. Isamu ne ya ce za ta yiwu. Shi ya bi 'yan Asabar gida-gida, ya ce musu ran Shige yana hannunsu. Duk wanda aka zuba wa ya shanye ya yaba, in zai mayar kuma ya zuba daga tulun mai shuɗin baki, kada ya yi kuskuren ɗaukar nasa. Kowa ya amince. Ni ba a gaya mini ba, don ba na karɓar finjali, kuma an san bakina ba ya riƙe magana. Ban ji haushin wannan shaidar ba, gaskiya ce.

Dabarar ta ci. Yaya ya murmure, ya yi kumatu, har yana fariya wai tun da ya yi ciwo kansa ya zama dutse, ya sha tulu biyar ya taka gida ko tangaɗi babu. Duk lokacin sanyi in sabuwar osake ta fito, Kumon zai jera masa tuluna uku ya ce ya zaɓa wa gidan wadda za a sayar. Duka ukun ruwa ne. Yaya ya kurɓi wannan, ya kurɓi wancan, ya jinjina kai kamar alƙali, ya ce ta tsakiya ta fi, tana da ƙamshin tuffa. A tafa masa.

Na yarda don so aka fara. Amma abin da aka fara da hawaye, in ya daɗe, wasa yake zama. Daga baya na ji cewa samari kan kawo abokansu ranar zaɓen don su ga tsohon da ke yabon ruwa, su fita waje su yi dariyarsu, su dawo da fuska a ɗaure. Na ji har gasa ake yi ta wanda zai fi tsara yabo. Ina wurin a wasu daga cikin ranakun nan, ina gefe da shayina, ina ta alfahari da yayana. In na tuna har yanzu raina yana ɓaci.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji. Wata safiya, bayan shekara uku ko huɗu ana haka, ya sa ume, ɗan itacen nan mai tsami da muke ci da shinkafar safe, a baki, sai tsami ya tsarga masa har kunne. Ya ce sai da ya ajiye tsinken cin abinci ya shiga banɗaki ya yi kuka. Bai gaya wa Fusae ba, don faɗin cewa ɗanɗano ya dawo amsawa ne cewa dā ya tafi. Ya wuni yana lasar abubuwa a ɓoye, gishiri, miso daddawarmu ta waken soya, ɓawon lemo, yana jiran yamma kamar ango.

Da yamma ta kawo tulu. Ya kurɓa, ya ji ruwa. Ya dube ta tana tsince ƙayar kifi, ya miƙa mata finjalin ya cika, ta shanye ko ɗaga ido ba ta yi ba. Abin ya yi masa zafi, amma bai daɗe ba ya huce. Ya ce mace ce da ta ji tsoron a bar ta ita kaɗai, har dariya ta kama shi da ya tuna irin yabon da ya yi ta zuba mata. Ya ƙudura ranar Asabar zai ja Isamu gefe ya ba shi labarin yadda tsohuwa ta yi ta wasa da hankalinsa, su yi dariyarsu, sannan ya sha ta gaske ya ji ta a harshensa.

Asabar ta zo. Kumon ya miƙo masa tulunsa da ɗumi, ya cika finjali ya kurɓa. Ruwa ne. Ko a nan bai zargi kowa ba sai Kumon da Fusae, ya ɗauka yau ne kawai ta biyo ta nan da roƙonta. Ya je gaban Isamu ya durƙusa, ya ba shi finjalin, ya cika masa har baki. Jira yake ya ga an furzar, a hau zagin Kumon.

Isamu ya sha, ya juya a baki, ya ɗaga kai sama.

"Shige, yau kam ka yi abin kai," in ji shi. "Ta shiga a hankali, sai ta bar ɗan ɗaci a ƙarshe. Wannan da katsuo za ta tafi."

"Ka tabbata?"

"Ni zan yi maka ƙarya? Kawo in zuba maka."

Ya ture nasa tulun gefe, ya ɗauki mai shuɗin baki ya cika wa Yaya. Sai a lokacin Yaya ya lura cewa tun fitowarsa asibiti Isamu bai ƙara kushe masa osake ko sau ɗaya ba.

Ya shanye ruwan, ya tashi ya nufi na gaba. Ranar bai tsallake kowa ba, har waɗanda ba ya shiri da su. Mai sayar da tabarma ya ce tana da ƙamshin sabuwar shinkafa, tsohon ɗan sanda ya ce ya daɗe bai sha mai kaifinta ba, wani yaro da Yaya ya isa ya yi jika da shi ya ce shi yanzu ya san abin da ake kira osake. Yaya ya ce da ya kai ƙarshen ɗakin ya juyo, sai ya ga kamar bai san kowa a wurin ba.

Bai nuna wa kowa ya gane ba, ranar ko bayanta. Sau ɗaya ya sayi 'yar kwalba a wani kanti nesa da unguwa, ya zauna a bakin kogi da rana ya zuba wa kansa. Ya ce tana da daɗi, duk abin da ya tuna yana nan a cikinta, amma bai iya gama finjali na biyu ba, ya tuttular da sauran. Ya gane ba giyar yake nema ba. Sai ya ci gaba da zuwa gidan Kumon duk Asabar da tulunsa na ruwa, yana farawa da Isamu, yana tambayar kowa yadda ya ji ta, yana jiran mutum ɗaya ya dube shi ya ce, Shige, wannan ruwa ne. Har gwada su yake yi. Ya ce yau tana warin ƙonanniyar roba, su ce lalle akwai ɗan warin. Mako na gaba ya ce zuma ce, su ce zuma ce. Da can mutum ne da ba ya iya cin abinci sai da gardama, yanzu ko ya ce rana daga yamma take fitowa, gyaɗa kai ake yi.

Mu a gida mun ga ya canja, muka ɗora wa tsufa. Ya rage magana. Ya daina miƙa wa Fusae finjali da yamma, sai ya sha nasa ya kife, ita kuma ta ɗauka hannunsa ne ya fara rawa ba ya so a gani. Shekarun da ya yi a haka sun fi waɗanda ya yi bai sani ba.

Da ciwon ya dawo, a huhu ya dawo. Wata rana da la'asar ina zaune kusa da gadonsa a asibiti ina ɓare masa lemo, Fusae ta je gida wanka, sai ya ce lemon nan bai nuna ba, da sauran tsami. Na ce ya daina cika baki, na daɗe da sanin ba ya jin komai. Ya ce yana ji, ya kuma kwashe labarin duka ya gaya mini, da muryar da ta rage masa. Na miƙe zan tafi gidan Kumon in tara musu jama'a, ya riƙe hannuna ya ce ba da ransa ba, na yi masa alƙawari. Da na rasa inda zan sa fushina sai na ce masa, to ai don ya rayu suka yi.

"Na sani, Auta," in ji shi. "Da sun zaunar da ni sun ce, Shige, harshenka ya mutu, giya za ta kashe ka, ga ruwa mu sha tare, da na zage su tas, in yi wata ban leƙo ba, sannan in dawo in sha. Amma ba wanda ya ga na kai a gaya mini."

Ban sani ba ko da gaske da ya dawo ya sha ruwan. Na san taurin kansa, na kuma ga yadda ya yi da roƙon matarsa. Amma na san ya ba su Asabar bayan Asabar su gwada shi, ba wanda ya gwada.

Bayan jana'iza aka taru a gidan Kumon da rana, aka jera manyan farantan kifi, aka sa hotonsa a kan kanta. Da finjali ya zaga sau biyu sau uku, fuskoki suka yi ja, sai Isamu ya miƙe ya ce akwai abin da ya daɗe yana cinsa, yau zai faɗa tunda mai shi ya tafi. Ya ba da labarin yadda ya bi gida-gida, da yadda suka yi shekaru suna shan ruwan ɗumi don Shige, ba wanda ya taɓa yin suɓul da baka. Ya ce a duk Kochi ba a taɓa yin abota irin wannan ba. Aka yi ta dariya ana share hawaye. Wani ya kwaikwayi Yaya yana zaɓen ta tsakiya, wani ya ce shi ruwan da ya sha a ɗakin nan ya isa ban ruwan gona. Isamu ya ɗaga finjali wajen hoton ya ce abin da ya fi yi masa daɗi shi ne ɗan'uwansa ya tafi da farin cikinsa, bai taɓa sani ba.

Alƙawarin da na yi na lokacin da yake da rai ne. Daga inda nake zaune na ce, "Ya sani."

Ba kowa ya ji ba, sai na maimaita. Na gaya musu safiyar ume, da Asabar ɗin da ya zaga ɗakin nan bai tsallake kowa ba, da warin roba da zumar da suka yi ta amsa masa. Na gaya musu abin da yake jira duk mako in ya durƙusa a gabansu. Ban ɗaga murya ba, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Fusae ta sa hannu biyu ta rufe bakinta, na ga ta gane dalilin kife finjalin nan na yamma, na kuma ji tausayinta, don ita ko ba komai tsoro ne ya sa ta. Kumon ya shige madafa. Samarin da ke bakin ƙofa suka fara neman takalmansu.

Isamu bai zauna ba. Ya tako a hankali har inda nake, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa, finjalin yana hannunsa bai sha ba.

"Sueko, ni fa?" in ji shi. "Ya ce wani abu a kaina?"

Tsoho ne, idonsa ya yi ja, kuma na san abin da yake so ya ji. Da na ga dama da na ba shi. Amma ɗakin nan ya sha ƙarya ya ƙoshi, sai na gaya masa abin da Yaya ya faɗa a asibiti ba ragi.

"Ya ce duk cikinsu kai ka fi iya yabonta."